Bango Mai Ɗaukar Ido ko Fitowa Mai Tarihi: Ina Mai Tara Komik Zai Sa Kuɗinsa?

Wanda ya fara tara mujallun komik na Amurka, wato mujallun labari cikin zane, na Marvel da DC da Image da ire-irensu, ba ya daɗewa sai ya iske kansa a mararraba. A ce dala 100 ce a hannunsa. Ga sabuwar fitowa mai bango na musamman, zanen wani gwani da ake yayi, tana ƙyalli, mai shago yana cewa ɗaya ce tak a cikin ɗari. Ga kuma tsohuwar mujalla mai shekara 40, takardarta ta soma yin ruwan ƙasa, kusurwarta ta ɗan lanƙwashe, amma a cikinta wani jarumi ya fara bayyana. Kuɗinsu ɗaya. Masoya komik sun daɗe suna kai ruwa rana a kan wadda ta fi, kuma duk gardamar tana komawa ga tambaya guda: wa ya sa abin ya yi ƙaranci? Wani ƙarancin zamani ne ya kawo shi, yara sun karanta sun yaga, iyaye sun share sun zubar. Wani kuwa kamfani ne ya tsara shi a ofis tun kafin a buga.

Yadda bango na musamman yake samun farashinsa

Labarin da ke ciki iri ɗaya ne da na kwafin yau da kullum, shafi da shafi. Bangon kaɗai aka sauya. Kamfani yana ce wa mai shago, in ka yi odar kwafi 25 na bangon gama-gari, za ka sami damar sayen ɗaya na wannan. Shi ake rubutawa 1:25. Akwai 1:10, akwai 1:50 da 1:100, har da 1:500. A tsarin cinikin shagunan komik na Amurka ba a mayar da kwantai, abin da mai shago ya saya ya zama nasa. Sabuwar fitowa yawanci dala 3.99 ce ko 4.99, shi kuma yana samunta a kusan rabin haka. Kwafi 100 sun ci masa dala 200 zuwa 250 ke nan. In masu sayensa 40 ne, sauran 60 sun zama jibgi a bayan kanta, kuma kuɗin wannan jibgin ne yake ɗora wa kwafi ɗayan nan mai bango na musamman. Farashin da ka gani a makon farko, asarar mai shago kake biya.

Abin da ya sa yawancinsu suke faɗuwa bayan wata biyu ko uku abu biyu ne. Na farko, duk wanda ya sayi irin wannan bango ranar ya sa shi a leda, bai ko buɗe ba, don haka kusan duk kwafin da aka buga suna nan lafiya lau. Na biyu, lambar 1:25 ba ta gaya maka adadin da aka buga. In fitowar ta sayu kwafi 200,000, bangon 1:25 zai iya kaiwa 8,000, wannan kuwa ba ƙaranci ba ne. Inda ƙarancin gaske yake shi ne mujallar da ba ta da kasuwa sosai amma aka yi mata 1:100, domin shaguna kaɗan ne za su yi odar ɗari. Ka riƙa duban ƙarfin kasuwar mujallar kafin ka dubi lambar da aka liƙa mata.

Akwai kuma bangon da wani shago yake biyan kamfani a buga masa shi kaɗai. Sau da yawa za ka ga an ce 3,000 mai rubutun suna, 1,000 kuma zane zalla babu suna babu farashi. Waɗannan su ne suka fi saurin kwantai, don shago ɗaya ne ya riƙe duka, kuma ranar da ya matsu da kuɗi zai karyar da su.

Wannan wasa ba sabo ba ne. DC ta fitar da The Man of Steel lamba 1 na John Byrne da bango biyu a 1986, shi ake ɗauka a matsayin mafari. A 1990 Spider-Man lamba 1 na Todd McFarlane ya sayu kimanin kwafi miliyan 2.5. A 1991 X-Force lamba 1 na Rob Liefeld ya zo a leda, kowane kwafi da kati ɗaya daga cikin biyar, don mutum ya sayi biyar. A shekarar dai X-Men lamba 1 na Jim Lee ya fito da bango biyar, huɗu da in an jera su suke zama hoto ɗaya, na biyar kuma mai naɗewa da ya haɗa duka, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8. Mutane sun saya kwali-kwali suna jiran ranar arziki. Daga 1993 kasuwar ta fara rushewa, shaguna da yawa suka rufe, a Disambar 1996 Marvel ta nemi kariyar kotu saboda bashi. Yau X-Men lamba 1 na 1991 da 'yan daloli ake sayensa, alhali zanen Jim Lee a ciki bai rage kyau ko kaɗan ba.

Amma akwai mai zanen

A nan ne masu son bango suke da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Mutum yana iya son hannun mai zane kamar yadda ake son muryar mawaƙi. Alex Ross da fenti yake aiki, yana sa mutane su tsaya masa da tufafin jarumi ya zana, shi ya sa Superman nasa yake kama da dattijo mai jini a jika, har da tamojin fuska da naɗewar yadi. Peach Momoko 'yar Japan da fentin ruwa take zane, launukanta a sanyaye, ta ci kyautar Eisner ta gwanar bango a 2021. Skottie Young yana mayar da jarumai yara masu manyan kawuna. McFarlane ya sauya yadda ake zana zaren Spider-Man, ya mai da shi murɗaɗɗe mai ƙulle-ƙulle, har yau ana kwaikwayonsa. Liefeld kuwa shekara 30 ana gardama a kansa: masu suka suna nuna ƙafafun da yake ɓoyewa da ƙirazan da suka wuce misali, masoyansa suna cewa ƙarfin motsin da ke shafinsa babu mai shi. J. Scott Campbell da Stanley Lau, wanda aka fi sani da Artgerm, suna da masu saye da yawa, sai dai galibin bangonsu siffar mata ce da matsattsun kaya, mai iyali ya duba kafin ya yi oda.

Wanda ya ce zai tara bangon mai zane ɗaya ya zaɓi hanya mai daɗi, in ya kiyaye abu biyu. Ɗaya, bango da yawa na manyan masu zane ba su da sharaɗin adadi, kowane shago yana iya odar yadda ya so, kuma farashinsu na kwafin gama-gari ne ko da ƙarin dala ɗaya saboda kaurin takarda. Da dala 100 za ka sami irin waɗannan kusan 20, maimakon ɗaya mai 1:100. Biyu, wanda ya zana bango sau da yawa ba shi ya zana ciki ba. Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu karatu, a sayi mujalla saboda bango a buɗe a ga wani hannu dabam. Sunayen marubuci da mai fensir da mai bi da tawada da mai launi suna shafin farko ko na biyu, kuma ana sanar da su tun kafin fitowa.

Fitowa mai tarihi

Ita ce lambar da wani abu ya fara faruwa a cikinta. Action Comics lamba 1 ta 1938, inda Superman ya fara fitowa, santi 10 aka sayar da ita, a Afrilun 2024 wani kwafi da masu tantance lafiyar mujalla suka ba maki 8.5 cikin 10 ya tashi dala miliyan 6 a gidan gwanjon Heritage. Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962, farkon Spider-Man, ta kai dala miliyan 3.6 a 2021. Waɗannan na kallo ne. Na talaka su ne na baya-baya: Fantastic Four lamba 52 ta 1966 inda Stan Lee da Jack Kirby suka kawo Black Panther, Incredible Hulk lamba 181 ta 1974 mai cikakkiyar fitowar Wolverine ta farko, Amazing Spider-Man lamba 300 ta 1988 mai Venom, New Mutants lamba 98 ta 1991 mai Deadpool. Su ma da yawansu sun wuce dala 100, amma a ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙananan lambobi masu tarihi, farkon wani mugu, farkon aikin wani mai zane a wata mujalla, da kuɗi kaɗan za su saya.

Ƙarfin irin wannan fitowa shi ne dalilin nemanta ba ya tsufa. Muddin ana son Wolverine, za a nemi lamba 181. Rauninta kuma shi ne farashin yana bin fim. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin wani jarumi zai fito a fim, sai lambarsa ta yi tsalle, bayan fim ya fita ta dawo. A 2020 da 2021 farashi ya hau sosai, daga 2022 ya sauka. Lokacin saye shi ne lokacin da babu mai zancen jarumin.

Wani lokaci hanyoyin biyu suna haɗuwa. Ultimate Fallout lamba 4 ta 2011 ita ce farkon Miles Morales, kuma tana da bangon 1:25 na Marko Djurdjevic, wanda ya ninka na gama-gari tsada sau da yawa. Abin lura shi ne abin da ke ciki ne ya ɗaga bangon. Da babu Miles Morales, da yana cikin kwalin kwantai tare da sauran.

Tarkunan tsohuwar mujalla sun fi na sabuwa yawa, kuma ba a cinikin biri a sama. Kafin ka biya kuɗin kwafin da ba a tantance ba, ka nemi hotuna shida aƙalla: gaba, baya, gadon baya (gefen da aka naɗe mujallar) daga kusa, shafin tsakiya, cikin bangon gaba, da ƙaramin rubutun haƙƙin mallaka na ƙasan shafin farko. Wannan rubutun shi yake tona bugu na biyu ko na uku, da kuma sabon bugun kwaikwayo da Marvel da DC suke yi yanzu, wanda yake ɗauko tsohuwar mujalla har da tallace-tallacenta. Halal ne, yana da kyau don karatu, amma kuɗinsa na sabuwar fitowa ne. In mujallar tana hannunka, ƙirga ganye. Yawancin na shekarun 1960 zuwa 1980 shafi 32 ne ban da bango, wato ganye 8 kafin tsakiya, 8 bayansa. Taɓa ganyen tsakiya a hankali ka ga ko yana riƙe a fil biyun da suka haɗa ganyayen. A Marvel na 1974 zuwa 1976 akwai wani ɗan tambari da aka buga a shafi don yara su yanke su tara, kuma Hulk lamba 181 tana cikinsu. Kwafin da aka yanke wa tambarin bai cika ba, farashinsa yana faɗuwa ƙwarai ko da bangonsa yana sheƙi.

Sai kwaskwarima. Wasu suna ɗiga baƙar tawada a inda launi ya karye a gadon baya. Juya bangon ka dubi cikinsa, irin wannan tawadar takan ratsa ta fito. Ƙaramar tocila mai hasken shuɗi, irin ta duba jabun kuɗi, tana nuna fenti ko gam da aka ƙara, a ɗaki mai duhu. Wasu kuma suna aske gefe da reza don ya yi tsaf. Mujalla mai shekara 50 da gefenta ya fi na sabuwa kaifi abin tuhuma ce, ɗora ta a kan wata ta zamaninta ka gwada faɗi.

A akwatin roba ko tsura

Kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Fulorida ya fara tantance komik a 2000, CBCS ya biyo baya a 2014. Ana aika musu mujalla, su duba, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe ta a akwatin roba mai tauri da takardar shaida a sama. Daga 9.0 zuwa sama makin yana tafiya 9.2, 9.4, 9.6, 9.8, kuma 9.9 da 10 ba kasafai ake ganinsu ba. A CGC launin takardar yana da ma'ana. Shuɗiya ta kwafi ce da ba a taɓa ba. Rawaya ta sa hannun da aka yi a gaban wakilinsu. Shunayya ta wanda aka yi wa kwaskwarima, kuma ita masu saye suka fi gudu. Kore tana nufin akwai wata babbar illa guda da aka ware ba a sa ta a lissafin maki ba, kamar tambarin da aka yanke. Mai maki 8.0 a kore ba ɗaya yake da mai 8.0 a shuɗi ba, sababbin shiga da yawa a nan suke ƙonewa. Takardar tana kuma faɗin launin shafukan ciki, daga fari tas zuwa ruwan madara zuwa mai ƙarmashewa.

Amfanin akwatin a fili yake ga wanda yake saye daga nesa: wani ya ƙirga shafi, ya nemi kwaskwarima, kuma lambar da ke jikin takardar ana iya duba ta a shafin kamfanin a ga ko ta dace da mujallar. Illarsa, ba za ka sake buɗe mujallar ba sai ka fasa, in ka fasa kuwa maki ya tafi. Akwatin ba ya hana ruwa, ba ya hana hasken rana kashe launi.

Aika sabuwar mujalla a tantance ta caca ce. Kuɗin aikin kaɗai ya haura dala 20, ga na aikawa, ga inshora, ga jiran makonni ko watanni. A sababbin mujallu 9.8 kaɗai ake rububi, 9.6 sau da yawa ba ya mayar da kuɗin da aka kashe. Abin da ke raba su kuwa ɗan ƙanƙanen farin layi ne a gadon baya, inda takarda ta lanƙwashe launi ya tsage, wanda ba ka gani sai ka karkata mujallar a ƙarƙashin fitila. Akwai masu sana'ar guga, suna amfani da injin zafi da ɗan danshi su baje lanƙwasar da ba ta karya launi ba, kuma CGC ba ta ɗaukar wannan a matsayin kwaskwarima. Wadda ta karya launi guga ba ta gyara ta. Kada a gwada da dutsen guga na gida, yana narkar da sheƙin bango ya dame tawada. Ga wanda yake Najeriya ko Nijar ko Gana, aikawa tana nufin ƙetare teku sau biyu da kwastan a hanya, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In kana son mai akwati, ka sayi wanda aka riga aka rufe.

Shawarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari ita ce fitowa mai tarihi a matsakaicin maki, tsakanin 4.0 da 7.0, cikakkiya, ba kwaskwarima. A wannan matakin bangon yana da kyan gani, kuma ba ka biyan tsadar da ke tsakanin 9.4 da 9.8. In kuɗinta ya kai 'yan ɗaruruwan daloli, ko tana cikin waɗanda aka san an yi jabunsu kamar Teenage Mutant Ninja Turtles lamba 1 ta 1984, a saye ta a akwati. Ƙasa da haka, tsura ta fi. Bango na musamman kuma a saye shi don son mai zanen, a farashin kwafin gama-gari, ko a jira wata uku zuwa shida mai 1:25 ya sauko. Wanda karatu ne damuwarsa duk wannan bai shafe shi ba: littafin da ya haɗa fitowa biyar ko shida ya fi araha, ba talla a ciki, kuma ya fi jure hannu.

Ajiya a ƙasarmu

Duk wanda ka zaɓa, yanayinmu zai gwada shi. Takarda ta fi son sanyin digiri 18 zuwa 21 da danshi kashi 40 zuwa 50. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin Afrilu yana haura 40, hunturu yana busar da iska ƙayau, Agusta kuma ta jiƙa ta. Wannan kai da komowa yana sa takarda ta kumbura ta motse, bango ya yi tudu-tudu, fil ya yi tsatsa ya ɓata shafi, fumfuna ta bar ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Tsohuwar takardar jarida ta fi shan wahalar zafi, tana yin ja ta ƙarmashe. Sabuwa mai sheƙi ta fi tsoron danshi, shafukanta suna mannewa.

Kowace mujalla tana buƙatar leda da kwali marar asid a bayanta, ɓangaren kwalin mai santsi yana fuskantar mujallar. Girman leda ya bambanta: faɗin inci 6 da 7/8 na sababbi, 7 da 1/8 na shekarun 1960, wajen 7 da 3/4 na 1940. In ka cusa tsohuwa a ledar sabuwa, gadon bayanta zai murɗe. Ledar gama-gari tana yin yauƙi da rawaya bayan 'yan shekaru, a zafinmu ma ta fi sauri, sai a sauya. Ta Mylar ta fi tsada amma ba ta lalacewa haka, ita ta dace da masu daraja. Selotef ɗin bakin leda ya ɓata bango fiye da yadda ake zato: cire shi gaba ɗaya ka manna a gefen tebur kafin ka zaro mujalla.

A jera su a tsaye, ba a kwance ba, a gajeren kwali mai ɗaukar kimanin 150, kada a matse, kada kuma a bar su suna zubewa gefe. Kwalin ya shiga babban akwatin roba mai murfi, tare da ƙullin silika irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma a rufe shi a busasshiyar rana, don in ka rufe ranar ruwa danshin ka kulle a ciki. A ɗora shi a kan katako ko kanta, nesa da ƙasa da bangon waje saboda gara, a ɗakin da ke da silin, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba. Ƙaramin ma'aunin danshi ba shi da tsada, a jefa ɗaya a ciki, a riƙa leƙawa duk wata a damina.

Wajen oda, farashin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda aka riga aka sayar a eBay cikin wata uku da suka wuce, ba wanda mai kaya yake nema ba. A wasu gidajen gwanjo ana ƙara wa mai saye kashi 20 ko fiye a kan abin da ya taya, ka sa shi a lissafi tun farko. Ka tara kayanka su zo a ƙunshi ɗaya, domin kuɗin aika mujalla ɗaya zuwa Afirka ta Yamma yana iya fin kuɗin mujallar. Ka roƙi mai sayarwa ya sa tsura tsakanin kwali biyu masu kauri da suka fi ta faɗi, ya manna ledarta a tsakiya don kada ta zame ta daki kusurwa, sannan a kwali, ba a ambulan ba. Mai akwatin roba a naɗe shi da leda mai kumfa, a bar tazarar yatsa uku ta kowane gefe, domin a kusurwa yake tsagewa. Ranar da kaya suka iso, ɗauki bidiyon buɗewa tun daga yanke selotef na farko, shi za ka nuna in an sami matsala.